Dunƙulen Hannu

Jirgin fito na asuba ya bar Upolu,
ni da jakar takardu da igiyar awon ƙugu.
Mun nufi Savai'i, teku na dukan ƙarfe
kamar mai bin bashi a ƙofar gida.

Shekara huɗu na yi a Dunedin ina rawar ɗari,
ina haddace abin da ke cikin ƙwayar wake,
gishiri nawa jini ke iya ɗauka,
sukari nawa ke kashe ido a hankali.
Na dawo da takarda mai hatimi.
Goggona Malaefono ta juya ta gaba da baya,
ta ce, "Ashe ƙetare teku kika yi
don ki koya mana cin abinci?"
Aka yi dariya, har da ni.

A asibitin Tuasivi layi ya kai bakin titi.
Ga Tavita, direban bas,
tumbinsa ya riga shi shigowa ɗaki.
Na tambaye shi me ya karya da shi,
ya zayyano min ba kunya ba tsoro:
burodi guda, naman gwangwani,
shayi mai cokali biyar,
da rana jelar talotalo, kitse har gwiwar hannu.
Ya ce, "Likita, araha ce ta kama ni, ba kwaɗayi ba."
Ban ƙaryata shi ba.
Na san kuɗin kifi a kasuwa,
na san kuɗin gwangwani a kanti.

Ni ba likita ba ce, na faɗa har na gaji.
Ba na allura, ba na yanka.
Aikina tsakanin tukunya da baki yake,
wurin da ba a maraba da baƙo.

Na kama hannunsa na dunƙule masa.
"Gwaza, iya wannan.
Kifi, iya tafin.
Sauran faranti ganye, ko ranka bai so ba."
Ya dubi dunƙulen, ya dube ni,
ya ce, "Na gode Allah da Ya ba ni babban hannu."

Lahadi ce ranar jarrabawata.
An yaye ganye daga kan duwatsu masu zafi,
tururi ya tashi da ƙamshin madarar kwakwa,
aka turo min kwando cike har baki.
A nan wanda ya ce ya ƙoshi
ya zagi mai gida.
Na ci. Aka ƙara, na ƙara.
Duk karatun Dunedin ya yi tsit a cikina.

Babana yana gefe a kan tabarma,
zanensa kwance shafal inda ƙafar hagu take da.
Ina aji biyu aka yanke ta,
ƙafar da ke hawa kwakwa kafin rana ta fito.
Bai taɓa cewa "don ni kika yi karatun nan" ba,
ni ma ban taɓa faɗa ba.
Sai dai in na shigo
ya ture kwalbar lemo da bayan hannu.
In na fita ya jawo abarsa,
ƙanwata ce ke ba ni labari.

Bayan wata uku Tavita ya dawo.
Ya cire takalmi, ya cire hula, har makullin mota,
ya hau sikeli yana riƙe numfashi.
Kilo biyu.
Kilo biyu kacal aka ɓantara daga dutse.
Cokali biyar sun koma uku, in ji shi,
matarsa ta shuka kabeji a bayan gida,
kaji sun cinye rabi.
Na rubuta a fayil da baƙin biro,
na ja layi biyu a ƙasa, ban san dalili ba.

A jirgin yamma yunwa ta taso min.
Na buɗe ƙunshin da Goggo ta cusa min a jaka,
gwaza shida, gasassu, da sauran ɗuminsu.
Na dunƙule hannu na gwada a kai.
Kai, hannuna ƙarami ne.